Ciwon ƙugu bayan haihuwa: shin lanƙwasa baya zai gyara ko zai ƙara ɓatawa?

Wata baiwar Allah daga unguwar Mabera a cikin garin Sakkwato ta rubuto mana cewa:

"Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekaruna 37, 'ya'yana biyar, kuma ɗinki nake yi a cikin gida. Tun da na haifi autana, shekara biyu ke nan, ciwon ƙugu ya kama ni, wani lokaci yakan sauko ta ɗuwawun hagu har bayan cinya. An yi mini hoton MRI, aka ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan bayana ya ɗan turo, amma likita ya ce bai kai ga aiki ba, ya tura ni wurin likitan fisiyo, shi kuma ya ce in riƙa motsa jiki. Ƙanwata ta turo mini bidiyon wasu Turawa suna lanƙwasa baya suna murɗa shi a hankali, ana ce wa abin Pilates da Gyrokinesis, ta ce shi ya ba ta sauƙi. Maigidana ya sayo mini bel ya ce in kwanta in huta, surukata kuma ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho, idan bai yi ba a kai ni wurin maɗori. Yanzu a kan kujera nake salla, sunkuyawa tsoro take ba ni, ɗinki ya tsaya, kuma kullum sai na sha maganin kemis. Shin wannan lanƙwashe-lanƙwashen ba zai ƙarasa fitar da faifan ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuriya. Motsa ƙashin baya a hankali, bisa tsari, ba ya fitar da faifai, kuma shi ne abin da ya fi dacewa da mai irin halin da kika bayyana. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne yawan kwanciyar da kike yi, da bel ɗin da kike ɗaurawa, da maganin kemis na kullum, domin waɗannan ukun suna iya sa ciwon da ya kamata a ce ya lafa ya daɗe a jikin mutum.

Amma kafin maganar motsa jiki, akwai alamomin da idan kika ga ko da ɗaya daga cikinsu, asibiti za ki nufa a ranar, ba sai an jira gari ya waye ba. Idan fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida ya riƙa zubowa ba da saninki ba, ko tsakanin cinyoyinki da mazauninki suka sage har ba kya jin taɓawar ruwa idan kina tsarki, ko ƙafa ta yi rauni har takalmi yana zame miki kina jan yatsu a ƙasa, to mai yiwuwa jijiyoyin da ke ƙarshen laka ne suka matsu, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin nakasar da ba ta gyaruwa. Haka nan idan ciwon ya haɗu da zazzaɓi, da gumin dare, da ramar da ba ki san dalilinta ba, ko yana tashinki daga barci kuma babu kwanciyar da take ba ki sauƙi, sai a bincika, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma har yanzu ana ganinsa a asibitocinmu. Tun da likita ya duba ki ya ce bai kai ga aiki ba, zan ɗauka babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, in ci gaba.

Ina ganin tushen tsoronki yana cikin takardar hoton nan. Mutane da yawa suna fitowa daga ɗakin hoto da tunanin cewa wani abu ya zame a bayansu, yana jiran su sunkuya ya faɗo. Faifan nan manne yake da ƙashin da ke samansa da wanda ke ƙasansa, ba ya barin wurinsa. Gefensa zobba ne na guringuntsi mai tauri, tsakiyarsa kuma abu ne mai laushi mai riƙe ruwa, kuma abin da ake kira turowa shi ne gefen ya ɗan kumbura waje, wani lokaci ya taɓa jijiyar da ke sauka ƙafa. A shekarar 2015 masana sun tattara hotunan bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda babu mai ciwon baya a cikinsu, suka tarar da cewa kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya turo, rabin 'yan shekara 40 haka, a 'yan shekara 80 kuwa abin ya kai kashi 84. Ke nan rabin sa'o'inki da kike haɗuwa da su a gidan biki ko suna, suna ta hidimarsu lafiya lau, da za a yi musu hoto da an rubuta musu irin abin da aka rubuta miki. Ko a inda tsakiyar faifan ta fito sosai, sau da yawa jiki yakan tsotse abin da ya fito cikin watanni. Ban ce ciwonki ba gaskiya ba ne, gaskiya ne, amma takardar ba ta yanke miki hukuncin zaman kujera ba.

Ƙashin baya jeri ne na ƙasusuwa 24 masu motsi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ya maƙale, 5 a ƙasan baya, sannan wani faffaɗan ƙashi da ya haɗe da ƙugu. Yawancin turowar faifai a wurare biyu na ƙarshe take faruwa, tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar, ko tsakanin na biyar da faffaɗan ƙashin nan, saboda nan nauyin jiki yake taruwa. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, faifan babban mutum kusan babu hanyar jini a cikinsa. Abincinsa yana tsattsafowa ne daga ƙasusuwan da ke maƙwabtaka da shi, kuma ruwa yana fita daga cikinsa idan an danna shi, ya komo idan an sassauta. Shi ya sa mutum yakan fi tsawo da safe da kimanin santimita ɗaya ko fiye, domin faifan ya sha ruwa cikin dare. An halicci bayan ne ya yi motsi ta fuskoki huɗu, wato ya sunkuya gaba, ya gantsare baya, ya karkata gefe, ya kuma murɗa. Mai ɗinki kuwa takan yi awa uku ko huɗu a sunkuye a kan keke, a fuska ɗaya tak, kuma da ciwo ya zo sai ta bar ko wannan ɗin, ta koma kwance.

Ƙasusuwan nan ba su iya tsayuwa da kansu, tsokoki ne suke riƙe da su, kuma waɗanda suka fi muhimmanci ba a ganinsu daga waje. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka a can ƙarƙashin sauran tsokokin ciki wadda ta kewaye ƙugu daga baya zuwa gaba, kamar zanen da mai jego take ɗaure ciki da shi. Akwai wasu gajerun tsokoki da suke bin gadon baya suna haɗa ƙashi da ƙashi. Daga sama akwai tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki, daga ƙasa kuma akwai tsokokin ƙasan mara masu riƙe mafitsara da mahaifa. Waɗannan huɗun tare suke aiki, kuma a jikin mai lafiya sukan ɗaure tun kafin ya ɗaga hannu ko ya ɗauki kaya, ba tare da ya yi tunani ba. A shekarar 1996 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka nuna cewa a jikin masu ciwon baya, tsokar nan mai kewaye ƙugu tana makara wajen ɗaurewa, kuma a wannan shekarar abokan aikinsu suka nuna cewa gajerun tsokokin gadon baya sukan motse bayan ciwo, kuma ba lalle ne su komo da kansu ba ko da zafin ya tafi. Ki ƙara a kan wannan cewa ciki biyar kika ɗauka, kowane ya miƙa tsokokin cikinki da na ƙasan mara iyakar miƙuwarsu. Ba mamaki da ciwon ya fara bayan haihuwar auta.

Daga nan za ki gane matsalar bel da kwanciya. Maigidanki tausayi ne ya sa ya kashe kuɗinsa, Allah ya saka masa, amma bel yana ba mutum jin kamar an riƙe shi ne kawai, ba ya koya wa tsoka komai, kuma yana tunatar da mai shi kullum cewa bayansa abin lallaɓawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya cikin abubuwan da suke hana mutane aikinsu. A watan Disamban 2023 ta fitar da jagora kan ciwon bayan da ya daɗe, inda ta sa motsa jiki mai tsari da wayar da kan majiyyaci cikin abubuwan da za a yi, ta kuma sa bel, da jan ƙashin baya da na'ura, da magungunan kashe zafi masu sa maye cikin abubuwan da bai kamata a saba yi ba. Kwanciya ta yini ɗaya ko biyu idan ciwo ya taso da ƙarfi babu laifi, amma ta makonni tana rage ƙarfin tsoka, ta sandarar da gaɓoɓi, ta kuma sa tashin ya fi wuya.

Bidiyon da ƙanwarki ta turo yana da tarihi, kuma abin lura shi ne duka hanyoyin biyu daga jinya suka samo asali. Joseph Pilates Bajamushe ne da aka haifa a 1883. Yaƙin duniya na farko ya same shi a Ingila, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa a tsibirin Man, inda ya riƙa horar da 'yan'uwansa tsararru. Daga baya ya buɗe wurin horo a birnin New York na Amurka, masu sana'ar rawa da suka ji rauni suka riƙa zuwa wurinsa, har ya rasu a 1967. Shi kuma Juliu Horvath, wanda aka haifa a Romaniya a 1942, ɗan rawa ne da agararsa ta tsinke, sana'arsa ta tsaya, ya shiga neman hanyar gyara jikinsa. Abin da ya fito da shi iri biyu ne: Gyrotonic, wanda ake yi da wata na'urar katako mai igiyoyi da hannuwa masu juyawa, da Gyrokinesis, wanda ba ya buƙatar komai sai kujera marar jingina da abin shimfiɗa. Abin da ya bambanta irin wannan atisaye da wanda aka saba gani a filin wasa shi ne, ba a fizga, ba a tsayawa cak, ba a riƙe numfashi. Motsi ɗaya yana shiga cikin na gaba, baya yana lanƙwasa ya miƙe, ya karkata, ya murɗa, ya zagaya, numfashi yana tafiya tare da shi.

Ba zan kambama miki abin fiye da matsayinsa ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen lafiya ta auna su, ta duba Pilates a 2015, ta ga cewa ya fi zama haka nan wajen rage ciwo da dawo da mutum aikinsa, amma ba ta ga hujjar cewa ya fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. A 2021 ta sake tattara gwaje-gwaje 249 na motsa jiki iri-iri, ta ga cewa yana rage ciwon bayan da ya daɗe. Shi kuwa Gyrotonic, binciken da aka yi a kansa kaɗan ne. Saboda haka duk wanda ya ce miki sai da na'ura kaza ko sai a wurin wane ake warkewa, kasuwarsa yake tallatawa. Duk da haka, ke a karan kanki, wannan nau'in nake zaɓar miki, kuma dalilina yana cikin maganarki cewa sunkuyawa tsoro take ba ki. Mutumin da ya daɗe yana tsoron motsi yakan ƙanƙame bayansa duk yini ba da saninsa ba, manyan tsokoki su gaji su yi tsami, jijiyoyi kuma su saba da kai ƙarar zafi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Irin wannan jiki ba ƙarin ƙanƙamewa yake buƙata ba. Yana buƙatar a nuna masa, kaɗan kaɗan, sau da yawa, cewa an lanƙwasa kuma babu abin da ya faru. Motsi mai taushi wanda ake yi a zaune, wanda mai yin sa ke da ikon tsayawa duk inda ya ga dama, ya fi komai dacewa da wannan aiki, kuma a cikin yin sa ne ƙananan tsokokin nan suke komawa ɗaurewa a kan lokaci. Sannan a ɗakinki za ki yi shi, da suturarki, babu kiɗa, babu fita, wanda na san zai sauƙaƙa wa maigida amincewa.

Ki fara a kwance rigingine a kan tabarma ko darduma, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, hannuwa a kan haƙarƙarin ƙasa. Ki shaƙi iska ta hanci har ki ji haƙarƙarin yana buɗewa ta gefe, sannan ki fitar da ita ta baki a hankali, kina ɗan jawo mara ciki tare da ɗan matse ƙasanki yadda mai riƙe fitsari take yi. Ba da ƙarfi ba: idan ba za ki iya magana a cikin wannan hali ba, kin matsa da yawa. Idan wannan ya zauna, sai ki riƙa danna ƙasan bayanki ya taɓa tabarma yayin fitar da iska, ki sake shi ya ɗago yayin shaƙa, har ya zama ƙugun yana lilo gaba da baya ba tare da tsayawa ba. Bayan kwanaki, ki ci gaba daga dannawar zuwa ɗaga ɗuwawu sama, kina ɓamɓare bayan daga tabarma ƙashi bayan ƙashi har zuwa kafaɗa, sannan ki sauke shi ta yadda kika ɗaga, ɗuwawu ya zama na ƙarshen taɓa ƙasa.

Na zaune shi ne ainihin abin da kika gani a bidiyon. Ki sami kujera marar jingina wadda idan kika zauna ƙugunki zai ɗan fi gwiwoyinki tudu. Kujerar tsakar gida ta girki ta yi ƙasa da yawa, kada ki yi da ita. Ki zauna a bakin kujerar, ƙafafu a ware, hannuwa a kan cinya. Yayin shaƙar iska ki mirgina ƙugu gaba, ƙirji ya buɗe, ido ya ɗan dubi sama. Yayin fitarwa ki mirgina shi baya, cibiya ta shige, haɓa ta sauko. Daga nan ki ɗaga hannu ɗaya sama ki karkata zuwa ɗaya gefen, ki komo, ki sauya. Sannan ki miƙe zaune sosai ki juya kamar za ki dubi wanda ke bayanki, juyawar ta taso daga haƙarƙari, ba wuya kaɗai ba. Idan jiki ya saba, sai ki haɗa su su zama zagaye guda: gaba, gefe, baya, ɗaya gefen. Na ƙarshe shi ne ki durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu, ki tura doron baya sama, ki sake shi ƙasa, sannan ki miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya a lokaci guda ba tare da ƙugu ya karkace ba, ki riƙe na numfashi biyu, ki sauya. Kowane sau shida zuwa takwas ya isa, duka kuma minti 10 zuwa 15 a rana. Ki fara da rabin iyakar lanƙwasawar da za ki iya, musamman ta gaba, domin ita ce ta fi tayar wa masu turowar faifai da ciwon ƙafa.

Ma'aunin da za ki riƙa bi shi ne inda ciwon yake tafiya, ba ƙarfinsa kaɗai ba. Wani likitan fisiyo ɗan ƙasar New Zealand, Robin McKenzie, shi ya shahara da lura cewa idan motsi ya sa ciwo ya janye daga cinya ya koma tsakiyar baya, alama ce mai kyau ko da na bayan ya ɗan ƙaru, idan kuwa ya sa ya gangara zuwa gwiwa ko ƙauri, a bar wannan motsin. Da yawa daga cikin masu irin ciwonki sukan sami wannan janyewar idan suka kwanta rub da ciki suka tokare da gwiwar hannu na minti biyu ko uku, sai ki gwada ki gani. Tsamin jiki da ya lafa kafin washegari ba abin damuwa ba ne. Wanda ya kwana ya yini yana nan, alama ce kin zarce, sai ki rage adadi ki ci gaba, kada ki daina. Akwai kuma abubuwa biyu da suka shafi haihuwa da nake so ki duba. Idan kina kwance kika ɗaga kai kika ga tsakiyar cikinki ya tsiro, ko yatsunki fiye da biyu suka nutse a saman cibiya, tsokokin gaban ciki ne suka rabu, saboda haka kada ki yi atisayen nan na tashi zaune daga kwance har sai an duba ki. Idan kuma fitsari yana ɗan ɗigo miki yayin tari ko atishawa, raunin tsokokin ƙasan mara ne, ya bambanta da alamar haɗari da na ambata a farko, kuma yana gyaruwa da horo. Kada kunya ta hana ki faɗa wa likitan fisiyo, kina da damar neman mace ta duba ki. Akwai sashen fisiyo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙashi na Wamakko, kuma ya fi kyau ki nuna wa wanda yake duba ki bidiyon, ya ga yadda kike yi da idonsa ko sau biyu ne, ya cire abin da bai dace da ke ba.

Kada ki yi atisayen lanƙwasa gaba a cikin awa ta farko bayan tashi daga barci, domin a lokacin faifan yana cike da ruwa, ya fi tauri. Hantsi ya fi, ko bayan la'asar. Wannan ya shafi sallarki ma. Shari'a ta yi sauƙi ga marar lafiya, babu wanda zai zarge ki a kan kujera, amma malamai sun bayyana cewa abin da mutum ya gaza ne kaɗai yake yi a zaune, kuma na san ranki yana son komawa sujada. Ki bi abin daki-daki: ki fara da tsayuwa wajen karatu, bayan mako biyu ko uku ki ƙara ruku'u kina lanƙwasawa daga mahaɗar cinya da ƙugu, hannuwa suna tokare da gwiwa, daga baya ki sauka sujada kina dafa ƙasa. Ki soma gwadawa a azahar ko la'asar, asuba ta zama ta ƙarshen da za ki bar kujera a cikinta.

Ki haɗa wannan da tafiya a ƙafa. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya da mutum 701, wanda mujallar Lancet ta buga a 2024, ya nuna cewa waɗanda aka tsara wa tafiya tare da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwo ya sake kwantar musu da aiki, waɗanda ba a tsara wa ba kuwa kwana 112. Minti goma a tsakar gida ya isa farawa, ki riƙa ƙarawa har ya kai rabin awa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ki yi ta da sanyin safiya ko bayan magariba, ki kuma yawaita shan ruwa.

Ɗinki ma ki koma masa, kada ki jira sai ciwon ya tafi gaba ɗaya, domin zaman banza da rashin kuɗin hannu su ma suna ƙara wa ciwo nauyi. Ki fara da rabin awa, ki tashi ki miƙe, ki dafa ƙugu ki ɗan gantsare baya sau biyar, ki zagaya, sannan ki komo. Ki matso da kujera kusa da keke, ki sa ƙaramin matashi a ƙasan baya, yankan yadi kuma ki mayar da shi kan tebur maimakon ƙasa. Idan za ki ɗauki bokitin ruwa ko auta, ki durƙusa ki jawo abin da za ki ɗauka kusa da jikinki tukuna ki miƙe, wanki kuma a ɗora bahon a kan wani abu mai tudu. Idan azumi ya zo, ki rage karɓar ɗinkin salla tun da wuri, domin kwanan zaune na goman ƙarshe yana iya rushe aikin wata uku.

Maganin kemis ne nake so ki ɗauki mataki a kansa cikin makon nan. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki da zubar jini a hanji, yana kuma lahanta ƙoda, musamman a garin zafi inda jiki yake yawan rasa ruwa, balle ga mai azumi. Haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda ba tare da suna ba ya fi haɗari, domin ba ki san abin da ke ciki ba, kuma idan da tramadol a ciki, jiki yana sabawa da shi ya kasa bari. Ki kwashe duk abin da kike sha ki kai wa likita, ya tsara miki yadda za ki rage.

Ita kuwa Hajiya surukarki, kada ki yi jayayya da ita, ki karɓi abin da za a iya karɓa. Gasa baya da ruwan ɗumi da tausa mai sauƙi suna sassauta tsoka, kuma idan aka yi su kafin atisaye suna taimakawa. Ƙaho yana iya ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, amma ba ya ƙarfafa tsoka, kuma idan za a yi, lalle a yi da sabuwar reza, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ake ɗauka ta jini. Maɗori dai ban yarda ba, domin babu karaya babu gocewa a bayanki, kuma kada ki bari kowa ya taka miki baya ko ya fizge shi da sunan mayar da ƙashi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ki roƙi maigida ya raka ki wurin likitan fisiyo ya ji bayani da kunnensa, domin idan shi ya faɗa wa mahaifiyarsa, maganar za ta fi shiga fiye da a ce daga bakinki ta fito.

Tsoka takan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga canji na sosai, kuma a tsakani ciwon zai riƙa tasowa wasu ranakun, wanda ba ya nufin faifan ya ƙara fita. Ki samu littafi ki riƙa rubuta, sau ɗaya a mako, inda ciwon ya tsaya a ƙafarki, da mintin da kika iya zama a kan keke, da sallolin da kika yi ba kujera, da yawan ƙwayoyin da kika sha. Idan wata uku ya cika kina yi ba fashi amma ciwon cinyar bai janye ba, ko ya gangara ƙasa da gwiwa, ki koma wurin likitan ƙashi da littafin nan da hotonki, ki tambaye shi ko akwai buƙatar sabon hoto, da kuma abin da allura ko aiki za su iya yi wa ciwon ƙafar.